Kayan lambu suna ruɓewa a hannuna, ku ba ni dabara

Amaryar Kura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da aka kawo ni wani ƙauye a gefen Kura, ni kuma tashin cikin birni ce. Maigidan manomin rani ne, kusan kullum da yamma sai ya shigo da kwando: tumatir, latas, kabeji, karas, wani lokacin har kabewa da alayyafo. Ni salak ɗin da na iya sai da Bama da ƙwai da waken gwangwani, nan kuwa sai an shiga gari ake samu, ga tsada. Miya kuma daga dage-dage sai kuka. Jiya na ɗaga kwandon da na ajiye a bayan ƙofa, na tarar latas ya yi baƙi ya narke, tumatir yana tsiyayar ruwa, ƙudaje sun rufe shi. Bai ce min komai ba, ya dai tsaya yana kallon kwandon, ni kuwa na san wahalar ban ruwan da ya sha. Wallahi har hawaye na yi. Ba mu da firji. Me zan riƙa yi da su?

Maman Abba:
Wa alaikumus salam amarya. Share hawayenki, ki manta da Bama. Kwaɗo za ki koya. Ki daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi, ki sa gishiri, maggi da ɗan yaji. Ki yanka latas, tumatir, albasa, ki goga karas, ki barbaɗa garin ƙulin, ki zuba man gyaɗa cokali biyu, ki matse rabin lemon tsami. Da hannu ake cakuɗawa. Kada ki haɗa sai za a ci, don da gishiri ya taɓa latas yake kwantawa ya fitar da ruwa. Kabeji ya fi shi juriya, shi kina iya yankawa tun da hantsi.

Anti Nas:
Ƙanwata, kafin komai wankin. Ganyen nan da taki ya tashi, ruwan kwata da na rafi ya sha, kuma ɗanye za ku ci. Ki ɓare latas ganye-ganye, ki wanke ƙasar da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, ki jiƙa shi a ruwan gishiri ko ruwan khal na ɗan lokaci, ki ɗauraye, ki sa a gwagwa ya tsane. Kuma a wanke kafin a yanka. Wuƙar da kika yanka nama da ita kada ta taɓa ganyen sai kin wanke ta.

Hajiya Iya:
'Yata, kina da kabewa da alayyafo a gida kina kuka? Ai taushe ce ta zo har ɗakinki. Ki fere kabewa ki yanka manya-manya, ki dafa tare da ƙashi ko nama da albasa da daddawa. Idan ta yi laushi ki tsame ki dame ta da ludayi ki mayar. Ki zuba jajjagen tumatir, tattasai da attaruhu, su dahu tsaminsu ya fita. Sai dakakkiyar gyaɗa kamar gwangwanin madara ɗaya, ki rage wuta, kina juyawa don tana kama gindin tukunya. Alayyafo da ɗan yakuwa su ne na ƙarshe, minti biyar ki sauke, su fito da korensu. Ku da kuke ƙasar shinkafa, ki tuƙa tuwonta, ko ki yi waina ranar Juma'a ki aika wa surukarki. Ki ga abin da za ta ce.

Maman Abba:
Hajiya ba a sa kanwa a tumatirin?

Hajiya Iya:
Ni ban sa wa. Albasa da haƙuri sun isa su kashe tsami. Kanwa in ta yi yawa miya baƙi take yi, ganyen ya zama kamar tsumma.

'Yar Dutse:
Maganar ajiya kuma, ki nemi tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Ki sa ƙaramar cikin babbar, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin safe da yamma, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke bushewa shi ke janye zafin. Malam Mohammed Bah Abba ne ya yaɗa dabarar a ƙauyukanmu na Jigawa, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Yanzu da iska ta bushe ta fi aiki, da damina ba ta sanyi sosai. Tumatirin da ya yi yawa kuma ki tsaga ki shanya a kan tabarma mai tsabta, ki yi kauɗa. In damina ta faɗi kwando ya yi tsada za ki tuna da ni.

Amaryar Kura:
Allah ya saka muku da alheri. Na yi kwaɗon ɗazu da azahar, ya cinye har ya tambayi ko akwai saura. Hajiya, gyaɗar taushen ɗanya ake dakawa ko sai an soya? Gobe nake son ɗorawa.

Hajiya Iya:
Ɗanya, 'yata. Ki dai bar ta ta dahu sosai har mai ya taso sama.