Wai hutun jirgin ruwa biya ɗaya ne an gama?

Bashir: Assalamu alaikum jama'ar gida. Na yanke shawara, hutun Disamba a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa za mu yi shi in Allah ya kai mu, ni da Hadiza da yara biyu da Hajiya. Kwana bakwai, daga Dubai zuwa Doha, Bahrain, Abu Dhabi, a dawo Dubai. Na yi lissafi na ga babu hutun da ya kai shi sauƙi da arha ga mai iyali. Biya ɗaya kake yi an gama: ɗaki, abinci safe da rana da dare, wurin wasan yara, ga shi kullum ka farka a sabon gari ba ka ɗauki jaka ba. Wanda yake da ja ya faɗa tun ban biya ba.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Ni ina da ja, Bashir, kuma a kan kalmar "biya ɗaya" ne. Mun yi irin wannan tafiya daga nan Italiya, muka tashi daga Jenowa muka zaga Bahar Rum kwana bakwai. Tafiyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma daren ƙarshe da aka turo mana takardar lissafi ta ƙarƙashin ƙofa sai da na zauna. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake cirewa kowane dare, a jirginmu Yuro 12 ne kan babba, Yuro 6 kan yaro. Ka lissafa da iyalinka: manya uku, yara biyu, dare bakwai, Yuro 336 ke nan tun ba ku sha lemo ko kwalba ɗaya ba. Lemon kwalba da ruwan roba saye ake yi. Intanet saye ake yi, kuma da tsada. Zagayen gari da motar kamfani kowane mutum da kuɗinsa. A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi, katin ɗakinka kake miƙawa ana rubutawa, shi ya sa ba ka jin zafin fitar kuɗin sai a ƙarshe.

Bashir: Anti, ai ko a otal ma za mu sayi lemo mu biya tasi. Abincin mutum biyar sau uku a rana a Dubai fa? Wannan kaɗai ya cinye Yuro 336 ɗin ya nemi ƙari.

Anti Rabi: Wannan gaskiyarka ce, a abinci jirgi ya yi nasara. Amma ɗaki nawa ka lissafa?

Bashir: Ɗaya, babba.

Anti Rabi: To nan ne lissafin ya karye. Yawancin ɗakunan mutum huɗu ne iyakarsu, biyu a gado, biyu a gadon da ake saukewa daga bango ko kujerar da ake shimfiɗawa. Kuma ko da ɗakin zai ɗauki biyar, Hajiya ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ɗanta da surukarta ba, kai ma ka sani. Ɗaki biyu za ka kama. Farashin da ka gani a talla na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki, in mutum shi kaɗai ne sai ya biya kusan ninki. Ka sa 'yarka Ummi ta kwana da kakarta, hakan zai rage. Sannan ka duba, mafi arhar ɗakin ciki ne marar taga. Mai taga ya fi shi tsada, mai baranda ya fi su duka.

Kawu Isa: Ku bar maganar lemo tukuna. Bashir, biza nawa ka tanada?

Bashir: Ta Dubai, Kawu.

Kawu Isa: Mai shiga sau nawa? Jirgin nan zai fita daga Daular Larabawa, ya shiga Katar, ya shiga Bahrain, ya sake shigowa Abu Dhabi. Bizar shiga sau ɗaya ta mutu tun daren da kuka bar tashar Rashid ta Dubai. Wanda ya rubuta tallan nan da Bature mai fasfon Jamus ko Ingila a ransa ya rubuta, ba da mai koren fasfo ba. Dokar kamfanonin nan a rubuce take: neman biza alhakin fasinja ne, kuma in takardarka ta wata tasha ba ta cika ba suna da ikon hana ka hawa tun daga ranar farko, ko da ka rantse ba za ka sauka a garin ba, kuma ba su mayar da kuɗi. Kada ka manta Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, sai a Yulin 2024 aka buɗe. Abin da aka taɓa rufewa ana iya ƙara tsaurara shi. Ni shawarata, kada ka biya kuɗin jirgi gaba ɗaya sai ka sami amsa a rubuce, ƙasa bayan ƙasa, kan abin da ake nema daga mai fasfon Najeriya. Fasfon kowa ya zama da sauran wata shida bayan ranar dawowa, a haɗa da katin rigakafin cutar shawara.

Sadiya: Kawu kun yi gaskiya. Haka ma Bahar Rum. Mutum ya ga Basilona, Marsai, Jenowa, ya ce bizar Shengen ta ƙasashen Turai guda ɗaya ta isa, sai a ce jirgin zai tsaya Tunis ko wata tasha ta Turkiyya. Ya fita daga yankin ke nan, dole bizar ta zama mai shiga da yawa.

Bashir: Na karɓi maganar biza, zan bi ta. Amma har yanzu ina kan bakata cewa ya fi sauƙi. Ku tuna tafiyarmu ta ƙarshe, yadda muka wahala da jakunkuna da neman abin hawa da Hajiya ga ciwon gwiwa.

Sadiya: Yaya, tunda ka kawo gwiwar Hajiya, bari in yi magana a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Jiragen nan ba ƙanana ba ne, wasu tsawonsu ya haura mita 300, mutum dubu huɗu ko biyar a ciki. Daga ɗaki zuwa wurin cin abinci tafiya ce. Ka nemi ɗaki kusa da lif, a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi ga mai jiri da tashin zuciya. Akwai asibiti da likita a ciki amma ba kyauta ba ne, kuma in abu ya yi tsanani sauke mutum ake yi a tasha mafi kusa, sauran hidima a kansa. Saboda haka inshorar lafiya ta tafiya wajibi ce, wadda ta ambaci jirgin ruwa da kuma cututtukan da mutum yake da su tun da. Maganin hawan jininta a jakar hannu za a sa shi, don manyan akwatuna karɓa ake yi a bakin tasha, sai yamma su iso ɗaki. Wani abu kuma, ga duk mai wannan niyya a gidan nan: ba a ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 a lokacin tafiyar.

Gwaggo Asabe: Ni dai ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ku ɗauki tsohuwa da jikoki ku shiga tsakiyar teku, me aka rasa a tudu? Na ga hoton wancan jirgin na Italiya da ya kwanta a gefensa, har yau bai fita a raina ba.

Anti Rabi: Costa Concordia ke nan, Gwaggo, Janairun 2012, kusa da tsibirin Jiliyo. Mutum 32 suka rasu, Allah ya kyauta. Kyaftin ɗin ne ya matsa da jirgin kusa da gaɓa ya bugi dutse, kotu ta ɗaure shi shekara 16. Bayan nan aka tsaurara doka, yanzu atisayen ceto tun a tasha ake yin sa ko da zarar an tashi, kowa sai ya je ya ga inda zai tsaya in an busa ƙaho, ya ga yadda ake sa rigar ceto. Ban raina tsoronku ba, amma ni da na hau, abin da na fi tsoro shi ne cuta mai yaɗuwa a cunkoso. Kun tuna jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan a 2020, mutum sama da 700 suka kamu da korona. Wanke hannu kafin cin abinci a wurin nan ba wasa ba ne.

Malam Nura: An yi maganar aljihu an yi ta jiki, saura wadda ta fi damuna. Sallah a jirgi ba matsala ba ce, malamanmu sun yi bayaninta tun zamanin jiragen filafilai: a tsaye ake yin farilla in da iko, a fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya a juya da ita gwargwadon hali, in tsayuwa ta gagara saboda igiyar ruwa a zauna. Matafiyi ne kuma, yana da ƙasaru. Abin dubawa shi ne muhallin. Yawancin jiragen nan akwai mashaya a kusan kowane hawa, akwai gidan caca, ga wurin wanka a sarari da shigar da muka sani. Mutum zai iya kauce musu, amma kwana bakwai da yara masu wayo, ido ba ya da labule. Sai nama. Kasancewar jirgi ya tashi daga Dubai ba ya nufin duk naman ciki yankan Musulmi ne. A tambaya tun wajen biya, a rubuce. In babu tabbas, kifi da ƙwai da ganye sun wadatar.

Bashir: Malam, kamfanonin jiragen MSC da Costa duk sun saba aiki a Tekun Fasha lokacin sanyi, Larabawa da iyalansu suna hawa.

Malam Nura: Suna hawa, ban ce haramun ne hawan ba. Cewa na yi ka san inda za ka kai mahaifiyarka. Kuma akwai zaɓi yanzu. Saudiyya ta buɗe nata kamfanin, AROYA, ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024 yana zaga Bahar Maliya. Ba giya, ba caca, abinci halal, da wurin sallah. Ka duba jadawalinsa na bana, don yana sauya wurin aiki daga kaka zuwa kaka.

Sadiya: Ko kogin Nilu, Yaya. Ƙasa ɗaya, biza ɗaya, ga jirgin sama daga Kano zuwa Alƙahira. Daga Luksor zuwa Aswan dare huɗu, in daga Aswan aka taso dare uku, ana tsayawa Edfu da Kom Ombo. Ba igiyar ruwa, gaɓa tana gabanka, kana jin kiran sallah daga ƙauyukan bakin kogi. Gwaggo ma hankalinta zai kwanta.

Kawu Isa: Na yi wannan ta Nilu, kuma ba zan ba Hajiya shawararta ba. Sammako ake yi, tafiyar ƙasa ce a cikin tsoffin gine-gine, matakala ko'ina. Jiragen kuma jere suke tsayawa gefe da gefe, sai ka ratsa ta cikin uku ko huɗu kafin ka taka ƙasa. Ta matasa ce. Ga yara kuma babu abin wasa kamar na babban jirgi.

Anti Rabi: Abu ɗaya da ban faɗa ba, kuma shi ne ya fi ci mini rai a tafiyarmu. Ana cewa za ka ga gari biyar. Gaskiyar magana leƙawa za ka yi. Jirgi ya tsaya ƙarfe takwas, ya tashi biyar ko shida, kuma rabin awa kafin tashi kowa ya zama yana ciki. An rubuta mana Roma, ashe tashar Cibitabekiya ce, kusan kilomita 80 daga birnin. Zuwa da dawowa ya cinye mana kusan awa uku, muka ga abin da muka gani a guje. In da motar kamfani ka fita aka makara, za su jira. In da kanka ka fita, tafiyarsu za su yi, kai ka nemi hanyar cim musu a tasha ta gaba da kuɗinka. Shi ya sa ma dole ku isa garin da za ku hau da kwana ɗaya a gaba, kada jinkirin jirgin sama ya sa ku yi asarar komai. Ka ga otal na dare ɗaya ya shigo lissafi. Kuma suna da ikon soke tasha saboda iska ko tsaro.

Bashir: Anti, Doha da Dubai tashoshinsu a cikin gari suke, ba kamar Roma ba. Daga tashar Doha zuwa kasuwar Waƙif 'yar tafiya ce. Kuma mu ba ganin gari ne ya dame mu ba. Ina so Hajiya ta zauna a baranda ta kalli ruwa, a kawo mata shayi, kada ta dafa, kada ta tsawata wa kowa, na kwana bakwai. Tunda Baba ya rasu ba ta huta ba. Na janye kalmar arha, na janye biya ɗaya. Sauƙi kam ban janye ba.

Kawu Isa: Allah ya jiƙan yayana. Niyyarka mai kyau ce, Allah ya yi maka albarka. Amma ita mai tafiyar, an tambaye ta?

Bashir: So na yi in ba ta mamaki, Kawu.

Gwaggo Asabe: Ga ni zaune kusa da ita, na karanta mata duk abin da kuka rubuta. Ta ce Allah ya yi wa Bashir albarka, ya ba shi masu yi masa. Ta ce ba za ta wuce ta kusa da Ɗakin Allah don kallon ruwa ba ta yi Umara ba. In za a kai ta Umara, sannan jirgin daga Jidda yake tashi, kuma bai wuce dare uku ko huɗu ba, za ta hau, da sharaɗin Ummi ta kwana a ɗakinta. Ni dai ban sauya ra'ayi ba, a tudu zan jira ku.

Malam Nura: Sai a tabbatar bizar Saudiyyar tana ba da damar fita da sake shiga, in jirgin zai taɓa Masar ko Jodan.

Bashir: To. Gobe da safe zan je wurin ejan da tambaya uku a rubuce: farashin ɗaki biyu a tsakiyar jirgi, ɗaya mai baranda, da duk kuɗin hidima a ciki, bizar kowace tasha ga fasfonmu, da nawa za a mayar mini in biza ba ta fito ba. Sadiya, turo mini sunayen magungunan Hajiya don inshora. Duk amsar da na samu zan sa ta nan kafin in biya ko sisi.