Ruwan teku a jarka ko gishirin haɗawa? Masu kiwon murjani a Maradi, mi kunka gani?

Mai tanki a Zariya: Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe da tankin kifin ruwan daɗi, yanzu ina son in taɓa na gishiri, lita 200, da murjani mai taushi (mai rai, halittar tekun nan da ke manne wa duwatsu) da ɗan kifi biyu ukku. To akwai abokina direba da ya ce in bar wahalar sayen gishirin ga mai tsada, shi zai riƙa ɗebo mani ruwan teku a jarka duk sadda ya yi lodi daga bakin ruwa. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya hwaɗa muna abin da ya gani da idonai, ba na bidiyo ba.

Direban babbar mota, Sabon Gari: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na ɗauko ruwan nan da hannuna, wani Alhaji ya aike ni lokacin muna lodin Kwatano. Mu dama mun saba ana ce muna a zo da ɗan ruwan teku a kwalba don magani, amma jarka jarka sai a wurinai na hwara gani, duk shingen da munka tsaya sai an buɗe an shinshina an ce wai mi ne ne wanga. Ka duba tahiyar kawai, Paraku, Malanbil, Gaya, Dosso, Konni sannan Maradi, sama da kilomita 1000, ga kwana a iyaka ga rana tana dukan jarkunan bisa kaya tun sahe. Ranar da munka buɗe a gidan Alhajin wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, yaranai sunka watse. A kwata anka zubar. Kuma gaskiya inda mu direbobi muke iya kaiwa kusa da tashar jiragen ruwa ne, ruwan wurin har kana ganin mai yana walƙiya a samanshi.

Malamin kimiyya a lise: Abin da direba ya gani haka yake faruwa. Ruwan teku ba ruwa da gishiri ba ne kaɗai, cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, in ka toshe su a jarka cikin zahi sai su cinye iskar ciki su mutu, amoniya, gubar da ruɓewa ke fitarwa, ta tashi. Shi ya sa masu amfani da shi ko dai su zuba shi ranar da anka ɗebo, ko su aje shi cikin duhu makonni har komi ya mutu ya kwanta sannan su tace. Abu na biyu, ruwan tsakiyar teku gishirinshi giram 35 ne a kilo guda na ruwa, a abin awon nauyin ruwa 1.025 zuwa 1.026, sinadarin kalsiyom wajen miligiram 420 a lita, maganiziyom kusan 1300. Amma gaɓar da ta hi kusa da mu, Legas da Kwatano, duk bakin tafki ne, ruwan daɗi na kwarara ciki musamman da damina, yana daga cikin dalilin da ya sa ba a samun manyan duwatsun murjani a gaɓar nan irin na Bahar Maliya. Wato ko ya iso lahiya ba lalle ka samu 35 ɗin ba.

Hajiya, Bagalam: Malam kada dai a ɓata ruwan Allah gaba ɗaya. Mun zauna Lome shekaru, maigidana da ruwan teku ya riƙa tankinshi kuma wallahi murjanin nan in anka canza musu ruwa da yamma sai ka ga sun buɗe sun kumbura suna kaɗawa, ban taɓa ganin sun yi haka da na haɗawa ba. Sirrin, ba a bakin yashi yake ɗiba ba, masunta yake ba jarkuna su cika mishi can nesa inda ruwan ya yi shuɗi, ya tace da kyalle, ya auna, ya zuba a ranar. In an yi ruwan sama mai yawa sai ya haƙura don awon gishirin yana sauka. Amma tun da munka dawo gida bai ko yi zancen a kawo mishi ba, bokitin gishiri ya sa aka aiko.

Mai shagon sola, Ali Ɗan Sofo: Hajiya ta gama magana, can daban nan daban. Ni haɗawa nake, bari in yi maka lissahi da tankinka. Gishirin da anka yi don wanga aiki, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin, kana sa giram 35 zuwa 38 a lita. Cikon farko na lita 200 zai ci maka kilo 7 da wani abu. Daga nan in kana canza kashi 10 cikin 100 duk sati, lita 20 ke nan, bai kai kilo guda ba. Bokitin kilo 20 yana ba da sama da lita 500, jarka 20 da ɗoriya ke nan ta lita 25, to wa zai ɗauko maka wannan kyauta ko ƙanen babarka ne.

Inda aikin yake shi ne ruwan da za ka dama a ciki. Na pampo akwai kulor, na rijiya da na fora kuma ba ka san nitarat (sinadari irin na taki) nawa ke ciki ba sai ka auna, wanda ya zuba shi haka kore da gansakuka za su rufe mishi gilashi. Ni wurin wani mai fiya wata nake kai jarkunana ya cika mani kai tsaye daga injin osmos mai tace ruwa, ina da ɗan biron nan mai auna TDS, wato yawan abin da ya narke cikin ruwa, in ya wuce 10 ban ɗauka, a gida kuma in sake bi da shi ta rezin, 'yan ƙwayoyin da ke tsotse sauran abin da ya narke, har ya koma 0. Mai ƙaramin injin osmos a gida ya sani yana zubar da lita 3 zuwa 4 kahin ya ba ka guda, sai a kai wa shuka. Jarkar kuma sabuwa, kada ka ce za ka wanke ta man girki ko ta gazuwal.

Damawa: ruwa ka hwara zubawa a durom na roba, ka kunna ɗan famfo, sannan gishiri kaɗan kaɗan. In ka zuba ruwa bisa tulin gishiri zai yi hwari, kalsiyom ɗin ya kwanta ƙasa ya ƙi narkewa har abada. Ka bar shi ya kwana yana juyawa, da sahe ka ɗiga ɗigo biyu a refaraktomita, abin auna yawan gishiri, ka leƙa ta wajen haske. Kuma ba tiyo ko robine na jan ƙarhe, tagulla kisa take wa murjani da jatan lande.

Ɗan sakandare, Burja: Yayye ku yi haƙuri da tambayata, to gishirin Bilma ko na buhu da ke babbar kasuwa hwa? A ɗan ƙara kanwa. Ai na buhun ma daga teku anka samo shi.

Malamin kimiyya a lise: A'a ɗana. Gishirin miya kusan duk sodiyom kulorid ne, shi kuwa wajen kashi 85 cikin 100 ne kawai na gishirin da ke teku. Sadda ake shanya ruwan, kalsiyom shi ke riga kwanciya, maganiziyom kuma ya tahi cikin ruwan ɗacin da ake zubarwa, su ne kuwa murjani ke gina ƙashinshi da su yake kuma rayuwa da su. Kanwa za ta harba maka pH, wato awon tsami ko kanwar ruwa, sama da 8.3 ɗin da ake so ba tare da ka san nawa ka zuba ba. Jigilar ruwa kuma manya sun gwada, gidan kifin Shedd na Shikago a Amurka a 1930 da taragun jirgin ƙasa ya kwaso ruwan teku daga tsibirin Key West, daga baya ya koma haɗawa. Na Atlanta da anka buɗe a 2005 da gishirin haɗawa ya hwara.

Hajiya, Bagalam: Ku gaya mishi zancen zahi dai, shi ya hi ba mu wahala bisa ga ruwan. Watan 4 da na 5 Maradi tana wuce digiri 40, murjani kuwa 25 zuwa 27 yake so, in ya daɗe sama da 30 sai ya koɗe ya yi hwari. Mu da fanka bisa ruwan da kwalaben ƙanƙara a rufe muke lallaɓawa in wuta ta ɗauke.

Mai shagon sola, Ali Ɗan Sofo: Gaskiya Hajiya, kuma fanka na ƙara shanye ruwan, da hunturu ma ba a magana, ka sa alama da maka a gilashi da dare da sahe ka tarar ya sauka. Wanda ya ƙahe ruwan osmos zalla ake maidawa, ba na gishiri ba, don gishirin bai tashi ba yana nan ciki. Da damina kuma a ɗaure bakin ledar gishirin sosai, in ya sha laima dunƙulewa yake.

Mai tanki a Zariya: Allah shi saka da alheri, zan ce wa abokina ya bar jarkunan ya nemo mani bokiti. Mai sola, in za ka yi oda ta gaba ka sa da ni, har da refaraktomita da ruwan saita ta. Lambar mai fiya watan kuma ka turo mani ta gehe.