Shawarwari kan taimakon kai ta intanet ga masu fama da damuwa

Wata tattaunawa da aka yi game da shirye-shiryen taimakon kai ta intanet ga masu fama da damuwa ta ta'allaƙa ne kan hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wato CBT, wadda likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, bisa fahimtar cewa yadda mutum yake fassara abin da ya same shi yana tasiri a kan yadda yake ji da abin da yake aikatawa.

Shawarar da aka fi nanatawa, kuma a ganina ita ce mafi amfani, ita ce a riƙa rubutawa. Duk lokacin da zuciya ta ƙuntata, mutum ya rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya fara zuwa masa, sannan ya auna hujjojin da ke goyon bayan wannan tunani da waɗanda ke ƙaryata shi, domin sau da yawa tsoro yakan sa a ɗauki zato a matsayin tabbas. Karanta darussan da ke cikin waɗannan shirye-shirye kawai ba ya wadatarwa, sai an yi aikin gida kowane mako. An kuma lura cewa shirye-shiryen da ƙwararre yake bibiya sun fi riƙe mutane har ƙarshe.

Wanda tunanin kashe kansa yake zuwa masa kuwa, kada ya dogara da manhaja, ya nemi likita nan take.