Ƙurar katako a shagon kafinta na gida: wane inji, wane bututu?

Mai gareji:
Assalamu alaikum, manyanmu. Shawara nake nema. A garejin gida nake aiki, tsawonsa mita 6, faɗi mita 4, tsayin silin mita 2.5. Ina da zarton tebur, injin share katako mai faɗin inci 13, zarto mai bel da injin samfefa na hannu. Bakyum ƙarami, wato injin tsotsar ƙura, nake ja daga wannan inji zuwa wancan, amma injin sharewa kan toshe masa tiyo kafin a gama katako biyu, da safe kuma ƙura ta yi fari fat har saman kanta. Babban injin jan ƙurar nan mai buhu zan saya? Mai ƙarfin doki nawa? Bututun roba ko na ƙarfe?

Dattijon kafinta:
Wa alaikumus salam. Kada ka yar da bakyum ɗinka, domin shi da babban ba aiki ɗaya suke yi ba. Bakyum yana da ƙarfin tsotsa, amma iskar da yake ja kaɗan ce. Babban kuwa iska mai yawa yake kwasa, sai dai tsotsarsa ba ta da ƙarfi, kana matse masa hanya ya sare. Saboda haka duk injin hannu mai ƙaramin baki, irin su samfefa da rauta mai fere gefen katako da zarton hannu, na bakyum ne, da tiyo mai faɗin milimita 27 zuwa 36. Zarton tebur da injin sharewa da mai bel na babban ne, da bututun da bai gaza milimita 100 ba, wato inci 4.

Kuskuren da sabbin shiga ke yawan yi shi ne su sayi babban, sannan su yi ta rage bakinsa har ya shiga injin samfefa. A nan bakyum mafi arha ma ya fi shi aiki.

Mai lissafin iska:
Baba ya ba ka tushe, bari in ɗora lissafi a kai. Garin katako ba ya tafiya a cikin bututu sai iska tana gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa a bututun da ke hawa sama, mita 18 a wanda ke kwance. Ƙasa da haka sai ya fara kwantawa a ciki. A gudun mita 20, bututu mai milimita 100 yana ɗaukar iska kubik mita 565 a awa, mai 125 yana ɗaukar 880, mai 150 kuma 1,270. Ga masu duba kwali da ma'aunin Amurka, wato CFM, kubik ƙafa a minti, inci 4 yana ba da kusan 350, inci 6 kusan 785. Ka lura, ƙarin inci 2 kacal ya ninka iskar har da ɗori, saboda faɗin ramin mai 150 ya haura ninki biyu na mai 100.

Lambar da ke jikin kwali kuwa, kada ta ruɗe ka. Galibi ana auna ta ne ba bututu, ba matatar ƙura, farfelar da ke jan iska na juyi a sarari. Idan ka haɗa bututu da gwiwoyi da matata, ka sa a ranka rabin lambar za ka samu a bakin injin aikinka, wani lokaci ma bai kai ba. Abin da ya fi lambar gaskiya shi ne girman farfela. Mai doki 1.5 zuwa 2 da farfela inci 12 zai iya ɗaukar layin bututu gajere a gareji irin naka, inji ɗaya a lokaci guda. Mai doki 1 ba na layi ba ne, na turawa ne: ka sa shi kusa da injin da kake aiki da shi, da tiyo mita 2, shi ke nan.

Akwai tarko ta ɗaya ɓangaren ma. In ka ji an ce babban bututu ya fi, ka sa mai 150 a injin da iskarsa ta gaskiya kubik mita 600 ce, gudun zai faɗo ƙasa da mita 10 a daƙiƙa. Gari ya taru a ciki kamar yashi a kwata, ranar da ka buɗe ƙofofin iska na inji biyu ya taso gaba ɗaya ya cushe gwiwa.

Malamin koyar da sana'a:
Ni a kan buhun zan tsaya, don nan ne ake cutuwa ba a sani ba. Sassaƙen da kake gani a ƙasa ba shi ne matsala ba, tsintsiya ma ta ishe shi. Farar ƙurar da ka ce kana tararwa a kan kanta da safe, ita ce abin tsoro, domin kafin ta sauka ta yi awanni tana yawo daidai hancinka. Wadda ba ta kai maikuron 10 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) tana wuce hanci ta gangara ƙirji, wadda ba ta kai 2.5 ba tana kaiwa can ƙuryar huhu. Gashin kai guda ɗaya kaurinsa ya kai maikuron 70, ka ga ido ba zai gan ta ba. Tun 1995 hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa, musamman ta hanci ga masu aiki da katako mai tauri. Ban da asma da ƙaiƙayin fata. A Birtaniya iyakar da doka ta sa a wurin aiki miligiram 3 ce a kowane kubik mita na iska ga katako mai tauri, 5 ga mai laushi. Garejinka kubik mita 60 ne, ke nan miligiram 180 ya kai shi iyaka. Ko cikin ƙaramin cokali bai kai ba.

To yawancin injinan nan masu arha da buhun yadi mai maikuron 30 suke zuwa. Buhu irin wannan yana riƙe sassaƙe, ya fesa maka laushin ƙurar a fuska. Kashe fitila ka haska tocila kusa da buhun lokacin da inji ke aiki, za ka ga hayaƙi na tashi daga jikinsa. Ranar da ka sayi injin, ranar za ka cire buhun sama ka sa matata mai naɗe-naɗe, irin gwangwanin nan, mai maikuron 1 ko ƙasa da haka. Ba tacewa kaɗai ta fi buhu ba: naɗin yana ba ta faɗin jiki ninkin-ba-ninkin, iska ta fi wucewa a sake. A ƙasa ka sa ledar da ake ganin ciki. Bakyum kuma ka sa masa matata ta HEPA, wadda ke riƙe kashi 99.97 cikin ɗari na ƙura mai maikuron 0.3, ko ka nemi wanda aka rubuta wa aji M, wanda shi ne Turai ta ware wa ƙurar katako. In kana yankan MDF, allon da ake matsewa daga garin katako, wannan ba zaɓi ba ne, dole ne, don ƙurarsa kamar hoda take, ga gam a cikinta.

Mai haɗa kabad:
Malam, na yarda da matatar ƙura, amma ba a faɗi abin da ke kashe ta ba. Injin sharewa mai inci 13 yana cika leda cikin ɗan lokaci, kuma duk abin da ya shiga yana bi ta farfela ya watsu jikin matata. Sati biyu ta toshe, tsotsa ta ragu, mutum ya ce inji ne ba shi da kyau. Maganin shi ne a raba shara kafin ta kai farfela. Hanya biyu ce. Akwai mazurarin guguwa, wanda iska ke shiga ta gefe ta yi ta kewaya, mai nauyi ya zame ƙasa cikin duro, iska ta fita ta tsakiya. Akwai kuma faifan Thien, wanda kafinta zai iya yanka da kansa da filawud: faifai ne a ƙarƙashin murfin duro, an yanke masa tsaga a gefe mai faɗin kusan santimita 3 da ta zagaye kashi biyu cikin uku na da'irar. Mazurari ya fi raba laushin ƙura, faifan ya fi sauƙin samu. Kowannensu yana cin wani kaso na iskarka, don haka mai doki 1 ya yi tunani kafin ya sa.

Abu biyu ke lalata aikinsa. Na farko yoyon iska a murfin duro. Ko ƙaramar kafa ce, iskar da ke shiga ta nan tana ɗaga ƙurar da ta riga ta sauka ta kai ta matata. Sa roba a bakin murfi, ka bi mahaɗa da silikon, ka gwada da hayaƙi: inda aka zuƙe shi, nan ne kafar. Na biyu cikar duro. In ya cika ba ka lura ba, cikin minti kaɗan matata ta cushe da sassaƙe har wuya, cire shi aikin yini ne. Yanka taga ka manna roba mai gani, ka juye in ya kai kashi biyu cikin uku. A layin bakyum kuma kada ka yi amfani da bokitin roba mai laushi, tsotsar tana lanƙwasa shi ciki.

Mai lissafin iska:
Kan shimfiɗa layi, ɗan'uwa: tiyo mai zobe-zobe shi ne babban ɓarawon iska, mita ɗayansa yana ci kamar mita 3 na bututu mai santsi. Ka bar shi a ƙarshe kawai, mita 1 ko ƙasa, a miƙe ba a naɗe ba. Gwiwa mai kaifi ta digiri 90 kada ta shiga layinka, haɗa biyu masu digiri 45 da guntun bututu a tsakani. Wurin reshe kuma mahaɗa mai siffar Y, bakinta na kallon inda iska ta nufa, ba mai siffar T ba. Kowane reshe da ƙofar iskarsa mai zamewa, kusa da babban layi inda hannu zai kai. Reshen ya fita ta gefen layi ko ta sama, domin in ya fita ta ƙasa sharar sauran injina tana faɗawa ciki ta taru a kan ƙofar da ke rufe. Injin sharewa, tunda shi ya fi zubar da kaya, shi za ka sa mafi kusa da injin jan ƙura. Ka bar bututu miƙaƙƙe kamar mita 1 kafin bakin mazurari.

Mai wayarin:
Tambayar roba ko ƙarfe ba a amsa ba. Duka suna yi. Na roba, PVC, irin siririn nan na magudanar ruwa, ya fi sauƙin yanka da haɗawa. Kada ka sa masa gam, sukuru gajeru biyu da salatif na alminiyam sun isa, don wata rana za ka so ka buɗe. Aibinsa lantarkin gogayya: yana tara shi, ya ɗan ja ka in ka taɓa, musamman lokacin da iska ta bushe. Wasu na zura wayar tagulla a cikin bututu, ni ban ba da wannan shawarar ba, sassaƙe ke maƙalewa a jikinta. Naɗa ta waje, ka haɗa da jikin inji da atin, wato wayar da ke kai wuta ƙasa. In na ƙarfe ne, ka guji mai siririn jiki, geji 30 (a ma'aunin geji, lamba na hawa, ƙarfe na sirancewa): ka manta duk ƙofofi a rufe ka kunna inji, ya motse kamar gwangwanin madara. Geji 26 ko mai kauri fiye da haka.

Gobara kuwa, inda ta fi fitowa ba gogayya ba ne. Tartsatsi ne. Kada a taɓa haɗa injin wasa ƙarfe da wannan layi, kuma kada a share ƙasa da shi kai tsaye in babu mazurari, ƙusa ɗaya ta daki farfelar ƙarfe ta isa. Garwashi yana iya kwana cikin gari yana ci a hankali sai tsakar dare ya tashi. Juye duro kafin ka rufe shago ya fi kowace waya.

Wuta: mai doki 2 a kan bolt 230 yana jan kusan amfiya 9 zuwa 10, lokacin tashi kuma ninkin haka sau da yawa. Ba shi layinsa da birekarsa shi kaɗai, domin tare da injin sharewa zai riƙa aiki. Yawan kunna-kashe yana zafafa kwayil, gara ka bar shi yana juyi tsakanin yanka da yanka. Wani abin da ke ba mutane mamaki: ya fi jan wuta in bakinsa a wangale yake ba bututu, ba lokacin da aka toshe shi ba. Kada ka daɗe kana gwada shi tsirara.

Mai gareji:
Allah ya saka da alheri. In na huda bango na fitar da iskar waje fa, ba sai na huta da matatar ƙura ba?

Dattijon kafinta:
Ana yi, kuma iska ta fi ƙarfi, amma da sharaɗi. Sai da mazurari a gaba, in ba haka ba maƙwabta za su sha ƙura. Sannan iskar da ka fitar dole wata ta maye gurbinta. Injin da ke jan kubik mita 1,000 a awa zai kwashe iskar garejinka kaf cikin ƙasa da minti 4. Buɗe taga a bangon da ke nesa da inda kake fitarwa. In akwai hita ta gas ko wani abin da ke ci da wuta mai bututun hayaƙi a garejin ko ɗakin da ke manne da shi, kada ka yi sam, zai jawo hayaƙin ya dawo ciki, kuma gubarsa ba ta da wari.

Malamin koyar da sana'a:
Saura bakin injinan su kansu, wanda komai girman abin da ka saya, in nan bai gyaru ba ka yi asara. Zarton tebur yana watsa ƙura ta wuri biyu: ƙasa cikin akwati, da sama inda haƙoran baya ke tasowa su jefo ta ƙirjinka. Na ƙasa bututu mai 100, na sama ƙaramin tiyo a jikin murfin zarto, bakyum ma zai riƙe shi. Toshe manyan kafofin akwatin, amma ba duka ba, ka bar hanyar shigar iska da ta kai faɗin bututun, in ba haka ba ka shaƙe shi. Zarto mai bel kuma bakin da aka yi masa can ƙasa ba ya kama da yawa, ƙara wani dab da ƙarƙashin tebur.

Duk da haka wata za ta kuɓuce. Matatar iska ta rataye a silin wadda za ta juya iskar ɗakin sau 6 a awa, wato kubik mita 360 a naka, ka bar ta tana aiki awa ɗaya bayan ka tashi. Lokacin samfefa da lokacin juye duro, takunkumi FFP2 ko N95 aƙalla, FFP3 ya fi. Mai gemu ya sani gashi yana hana shi kama fuska, sai dai irin mai hular nan da ke hura iska.

Mai haɗa kabad:
Ƙarin abu kaɗan. In injin sharewa ya ci gaba da toshewa bayan ka sa babba, duba bakin farfela, akwai ƙarfen gicciye da ake sawa a wurin, dogayen sassaƙe na katako mai laushi ko ɗanye suna naɗewa a jikinsa. Cire filogi daga soket kafin ka sa hannu. In akwai mazurari a gaba matsalar ba ta tasowa.

Don sanin lokacin kakkaɓe matata, lanƙwasa siririn tiyo mai gani kamar harafin U, zuba ruwa rabi, manna shi a katako, baki ɗaya cikin gidan matata, ɗayan a buɗe. Ja layi inda ruwa ya tsaya ranar da matata take sabuwa. Ni in tazarar ta ninka nake kakkaɓewa. Iskar kwamfiresa daga waje zuwa ciki, a hankali, daga ɗan nesa don kada takardar ta yage, kuma ka jira ƙura ta lafa cikin leda kafin ka kwance ta. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa.