Baƙin jinya sun sauka, gida ciki da falo: ya kuka yi?

Maman Hanifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ran Asabar mai zuwa kawun maigidana zai zo daga wajen Birnin Gwari a duba masa ido a Asibitin Ido na Tarayya da ke hanyar Mando a nan Kaduna. Ba shi kaɗai ba ne, da matarsa da ɗansa saurayi da ke yi masa jagora. Ranar komawa kuwa su ma ba su sani ba, sai abin da likita ya ce. Mu biyar ne a ciki da falo, banɗaki da maƙwabta muke haɗawa, ruwa kuma saye muke. Wallahi ba ƙyashin zuwansu nake ba, mutumin nan shi ya riƙe Abban Hanifa har ya gama sakandare. So nake na fita kunya ba tare da mun ci bashi ba. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni labarin yadda ya yi.

Anti Ladidi, Unguwar Mu'azu:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ajiye maganar tukunya tukuna, ki fara da ruwa. Abinci ko garau-garau ne za a ci a ce an gode, amma ranar da tsoho ya ɗauki buta ya ji ta wayam, ranar kin ji kunya.

Lokacin da surukata ta zo da 'yan rakiyarta, a watan Afrilu ne, tsakiyar zafi, rijiyar gidanmu ta ƙafe. Kurar mai ruwa da ke kai mu kwana biyu sai ta koma ba ta kai la'asar. Ba ɓarna suke ba. Mutumin da ya saba da rijiya a tsakar gida bai san ana ƙirga jarka ba, kuma ke ba ki da bakin da za ki ce wa uwar miji ta rage ruwan wanka. Dabarar da ta fisshe ni ita ce na daina barin kowa ya ɗiba da kansa. Da asuba ni zan cika bokiti na kai banɗaki, na dawo na durƙusa na ce, "Inna, ga ruwa can na kai." Ita tana ganin ladabi, tana ta sa min albarka, ni kuwa na auna abina. Butoci uku na ajiye a bakin ƙofa kullum a cike, yara ke kula da su. Wanki kuma na hana su taɓawa, na ce ai ba a yi haka ba, sai na haɗa da na yara na wanke gaba ɗaya, ruwan ɗauraya na tara shi a tsohon bokitin fenti don wanke banɗaki.

Ki kuma yi magana da mai ruwanku tun yanzu, ki ce masa kina da baƙi, ya fara da ke kafin ya shiga layi. In an ɗauke wuta masu burtsatse ba sa tara ruwa da wuri, sai ki ga kurori sun yi layi har hantsi, wanda ya fi sabo da shi yake fara kai wa. Ni har koko nake zuba wa namu in ya zo. Ki ari durom ko na maƙwabta ne.

Baban Sadik, Rigasa:
A gafarce ni na sa baki a maganar mata. Tunda jirgin ƙasa na Abuja ya fara aiki a 2016 gidana ya zama masauki, don ba mu da nisa da tasha. Duk ɗan garinmu da zai bi jirgin safe nan yake kwana, wani ma ban san shi ba, sunan mahaifina kawai zai ambata. Saboda haka na ɗan san kan abin.

Kwanciya ba ta da wata wahala in an raba tun daren farko. Mata da yara su shige ciki, ni da dattijo a falo, a jingine teburin tsakiya a bango a shimfiɗa katifa. Saurayin kuwa ba a barin sa cikin gida. Ko wace unguwa akwai shagon samari, ka je da kanka ka roƙi yaran maƙwabta su ba shi gefe, abinci ya riƙa shigowa yana ci. Shi ma ya fi sakewa a can.

Magana ta biyu ga maigidan nake yin ta, 'yar uwa ki isar masa. Baƙin nasa ne. Kuɗin cefanen mutum biyar ba zai ciyar da takwas ba, kada ya ajiye abin da ya saba ya sa takalmi ya fice. Kuma tambayar kwana nawa za a yi, shi ya kamata ya yi ta, ba matarsa ba. Ni nakan ce, "Kawu, me likita ya ce, don na san yadda zan nemi izini a wurin aiki." Babu wanda ya taɓa jin haushin wannan.

Maman Walid, Kawo:
Baban Sadik, Allah ya saka da alheri, amma a danginmu ko da wace siga ka tambayi ranar tafiya, kafin magariba labari ya isa ƙauye cewa matar wane ta kore su. Ko ba ke kika tambaya ba, ke za a ce kin zuga. Ni dai ba ma tambaya.

Ta fannin girki, ranar farko nake yin abin baƙunta: shinkafa da miya da ɗan nama, a haɗa zoɓo. Daga washegari tukunyar gida ake komawa. Tsofaffin nan ma ba son cimarmu suke ba. Na taɓa zuba wa yayar babansu taliya da manja, ta cinye tas, can bayan isha'i sai na ji tana tambayar yara a hankali ko yau ba a yi tuwo ba ne. Tun daga nan tuwon masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa nake yi da daddare, na tuƙa da yawa, da safe a yi ɗumame. Kin ga an huta da sayen burodi da madara na mutum takwas. Da rana fate ko dambu ko ɗan wake, duk abubuwa ne masu auki.

Gas kuma ki bar shi na shayi da ɗumame. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya hau, ba mai tuƙa tuwon taro a kan gas sai wanda ya shirya. Ki sayi gawayi, rabin buhu ma ya isa somawa, ki fito da kurfoti tsakar gida. Wake ki jiƙa shi tun dare. Ni ranar Talata nake shiga kasuwar Kawo na auno masara da wake na kai niƙa, kayan miya kuwa ke kasuwar Bakin Dogo ta fi miki kusa, ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku sayi kwando ku raba.

Zee, Badarawa:
Ni abu ɗaya zan ce: ku ɓoye hita! Mitar kati gare mu, wani ɗan uwan Abba ya gano hita a bayan firji, kullum sai ya dafa ruwan wanka bokiti guda, har da na wankin kai. Katin wata ko sati biyu bai yi ba. Umma ta kasa magana, sai cewa ta yi hitar ta lalace.

Hajiya Maman Biyu, Malali:
Maman Hanifa, tunda maganar ido ce bari na ƙara miki abin da ba a faɗa ba. Mahaifin maigidana a wurina ya yi jinya da aka cire masa yanar ido. Abu na farko, ki tambayi matarsa a gefe ko yana da ciwon suga ko hawan jini kafin ki dama masa koko ki zuba sukari. Da yawa cikin tsofaffi masu matsalar ido suna da sugan, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce miki ba ya sha ba. Zai shanye ya yi godiya, a je asibiti a auna a ga ya hau, a ɗaga aikin, zamanku ya ƙara tsawo.

In an yi aikin kuma, hayaƙi da ƙura ba sa shiri da idon. Kurfotin da Maman Walid ta ce, ki kai shi can ƙarshen tsakar gida, nesa da tagar falo. Turaren wuta ki haƙura da shi, haka maganin sauro na kunnawa, ki ɗaura masa gidan sauro. Shara a yayyafa ruwa, ko a bari sai ya fita masallaci. Baba namu ba mai zama ba ne, kwana biyu da aiki ya ce zai sunkuya ya wanke kansa a famfo, da ƙyar muka hana shi. Maganin ɗigawa kuma ni na karɓe shi, na rubuta lokutan a bayan kalanda, don in aka bar wa ɗan rakiya sai ya tafi kallon ƙwallo ya manta. Ki sa ran za a ce ya dawo a sake dubawa, kuma da wuya su tafi Birnin Gwari su dawo saboda kuɗin mota, zama za su yi.

Wata 'yar uwa, ba sai na faɗi unguwa ba:
Ku dai naku masu jinya ne, suna da ranar tafiya ko ba a faɗa ba. Ni ƙanin miji ne ya zo neman aiki da jaka ɗaya, aka ce sati guda. Azumi ya same shi, babbar salla ta same shi. Ciki da falo ne mu ma, shi ke kwana a falo, sai ya kai ƙarfe goma yana barci, ni da yara muna tsare a ɗaki. Wuni nake da hijabi a cikin gidana, cikin zafin nan, har ƙuraje suka feso min a wuya. In na yi magana maigidan ya ce ɗan uwansa ne, ina zai kai shi. Ba mugu ba ne yaron, yana ma kai min yara makaranta. Amma ban san na gaji ba sai ranar da na ga ina kuka a kan ya cinye ɗumamen da na ajiye wa auta. Ƙarshe yayarsu ce ta zo daga Zariya ta ga zaman da idonta, ita ta sa aka haɗa kuɗi aka kama masa shago a Hayin Banki.

Malama Ummu Aisha, Unguwar Dosa:
Allah ya ba ki lada 'yar uwa. Wannan zaman tun farko bai dace ba, ƙanin miji ba muharrami ba ne, kuma maza su ji. Hadisin da ke cikin Buhari da Muslim ya ce liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masauki ba. Mun riƙe rabin farko da ke kan mai gida, mun bar rabin da ke kan baƙo. Mai jinya dai lalura ce ta zaunar da shi, wannan daban.

Inna Asabe, Kurmin Mashi:
Ni bari na yi magana a matsayin baƙuwa, don kafin mu dawo Kaduna da zama na kwana a falon mutane ina jinyar ɗana. 'Ya'yana, baƙo yana gani. Ya san an ƙara ruwa a miya, yana jin raɗa a cikin ɗaki, ya san sanda aka sa wa kabad makulli. Abin da ya fi min nauyi a zaman nan shi ne a hana ni taɓa komai. Na wuni a kan tabarma hannu biyu a cinya, ana wucewa ta gabana da tsintsiya, sai na ji kamar kaya aka ajiye. Ranar da matar gidan ta turo min tire ta ce, "Inna, taya ni tsince shinkafar nan," ranar na fara cin abinci na ƙoshi. Don haka Ladidi, auna ruwanki na yarda, amma hana su wanki gaba ɗaya ban yarda ba. Matar kawun nan a ba ta tuƙin tuwo, ta fi ku iyawa, a ba ta goyon yaro. In sun zo da masara ko daddawa ko man shanu, a girka a gabansu a ce ga naku nan, kada a ɗaga a ɓoye.

Anti Ladidi, Unguwar Mu'azu:
Na karɓi gyara Inna, amma wanki dai ba zan saki ba sai damina ta sauka.

Maman Walid, Kawo:
Saura sallama, ita ma a sa ta a lissafi tun yanzu don kada ta zo a ƙarshen wata. Mu abin da muke yi, sabulun wanki da na wanka, sukari da ganyen shayi, in da hali turmin atamfa ga matar, a Kasuwar Barci za ki samu daidai kuɗinki. Kuɗin mota kuwa kada a damƙa wa tsoho a hannu, zai ce a'a har sau uku a tsaya ana ja-in-ja a bakin titi. Maigidan ya raka su tashar Mando ya biya direba da kansa, ya nema wa kawu kujerar gaba saboda ƙura.