Ƙananan lasifika a ɗaki: wa ya samu bas mai kauri?

Ɗan Bukoki: Salamu alaikum jama'a. Na sayi ƙananan lasifika biyu da ampli, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a Babbar Kasuwa. Da aka gwada mini su a shago, har cikin ƙirji nake jin ganga. Na kawo gida na ɗora bisa tebur a tsakiyar ɗaki, sai murya kaɗai ke fita, kiɗan kuwa kamar ana buga gwangwani. Na murɗa maɓallin bas, wato na sauti mai kauri, har ƙarshe, sai karkarwa. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Mai gyara a Wadata: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka kashe ko dala, duba wayoyinka: ja ga ja, baƙi ga baƙi, a duka biyun. In ɗaya ta juye, fatar wannan lasifika, wato faifan gabanta da ke girgiza ya fitar da sauti, na turowa waje daidai lokacin da ta waccan ke komawa ciki, sai kaurin sautin ya cinye juna. Ka cire waya daga ampli, ka taɓa ta da ƙaramin batir na volt 1,5, ja a kan mai alamar ƙari. Fatar ta leƙo waje, to daidai ne. Kuma don girman Allah ka sassauta wannan maɓalli. Duk lokacin da sauti ya ƙara kauri har saurin girgizarsa ya sauka da rabi, sai fata ta yi motsi ninki huɗu kafin ta ba da ƙarfi iri ɗaya. Waɗanda ake kawo mini suna warin ƙonewa, mafi yawansu haka aka kashe su.

Hajiya ta Yantala: Ni kam bango ne ya taimake ni. Nawa ma a tsakiya suke da farko. Ɗana ya matsa da su jikin bango, sai ga kalangu ya cika ɗaki. Muka yi kwaɗayi muka kai su lungu, ai sai abin ya wuce gona da iri, guuu kawai kake ji, ba ka rarrabe bugu ɗaya da wani, ga kwanukan jerena suna ta kaɗawa cikin kabad. Muka dawo da su baya, muka bar tazarar taƙi ɗaya da bango saboda ramin iska da ke bayansu. Ƙarƙashinsu kuma na shimfiɗa robar tsohon tayan babur, tebur ya daina rawa.

Tsohon malamin lakwal: Hajiya ta yi gaskiya, bango na maido da sautin da zai watse baya. Amma ɗana, ka san iyakar abin da ka saya. Kunnen mutum na ji tun daga Hz 20, wato girgiza 20 cikin sakan ɗaya; in lambar ta ragu, sauti sai ya ƙara kauri. Igiya mafi kauri ta gitar bas tana wajen Hz 41, alhali lasifika mai faɗin santimita 10 yawanci tana fara sanyi tun daga 70 ko 80. Masu ƙera su na da wata ƙa'ida ta Hofmann: ƙaramin akwati, bas mai zurfi, da ƙara ba tare da cin wuta da yawa ba, biyu kawai za ka samu cikin ukun nan. Ni abin da ya ba ni mamaki a gidana shi ne wurin zama. Tsawon igiyar sauti ta Hz 50 ya kusa mita 7, ya fi ɗakina tsawo, don haka wani wuri bas ya taru, wani wuri ya ɓace. Kujerata a tsakiyar ɗaki take, daidai inda yake ɓacewa. Na ja ta baya da taku biyu, sai na ji abin da na yi shekara ban ji ba. Da dare in ka rage sauti, danna maɓallin loudness in amplinka na da shi, don kunne ba ya kama bas sosai a ƙaramin sauti. Masu bincike biyu, Fletcher da Munson, sun auna wannan tun 1933.

Kafinta a Katako: Malam, a ƙara da akwati. Nawa katakon siriri ne, in ka ɗora hannu sai ka ji yana rawa. Na sāke shi da mai kaurin milimita 18, girman ciki yadda yake, na toshe kowace kafa da gam, na sa auduga kaɗan. Ku riƙa duba soson da ke kewaye da fata, zafin Yamai na sa shi rugurgujewa, iska ta riƙa zurarewa.

Ɗan Bukoki: Allah ya saka muku da alheri. Yaya mai gyara, wallahi wayar hagu ce a juye! Na gyara, na kai su jikin bango, yanzu ganga ta dawo ganga. Sai dai wannan bugun na ƙirji bai kai na shago ba.

Mai gyara a Wadata: Leƙa ƙarƙashin teburin mai shagon, ina kyautata zaton akwai babban akwatin bas a can. In ka tara kuɗi ka sayi ɗaya, ka saita shi a kan Hz 80 ya ɗauki sautin da ke ƙasa da haka, ƙananan su huta da wannan nauyi. Ranar da ka kawo shi, ɗora shi bisa kujerar da kake zama, ka kunna kiɗa, ka bi jikin bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji bas ya fi daɗi, nan za ka ajiye shi.