Taƙaitawar shawarwari kan hutun tafiyar ƙafa cikin ayari a Birtaniya lokacin kaka

Waɗanda suka tattauna kan hutun tafiyar ƙafa tare da jagora a Birtaniya sun fi tsayawa a kan zaɓen lokaci. Galibinsu sun fifita tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba ga mai son ganin ganye ya rine ja da ruwan ɗorawa a dajin Dean da kwarin kogin Wye, wajen iyakar Ingila da Wales. Sai dai sun ja kunne cewa ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, daga nan kuma duhu kan shiga tun wajen ƙarfe biyar na yamma, don haka a tambayi tsawon tafiyar kowace rana kafin a biya kuɗi.

Game da gaɓar teku, an ambaci hanyar ƙafa ta kudu maso yammacin Ingila mai tsawon mil 630 daga garin Minehead zuwa garin Poole. Waɗanda suka taɓa bin ta sun ce kada a ruɗu da nisan da ke rubuce a takarda, domin hawa da gangara a yankunan Devon da Cornwall da hanyar ta ratsa su ne ke cin gwiwa, kuma akwai mashigan da sai ruwan teku ya janye ake ƙetare su.

Kan kaya ba a samu saɓani ba: takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, rigar ruwa, da tufafi marasa nauyi. Bakin kogi kan cika da taɓo bayan ruwan sama, kuma a ganina wannan ne abin da baƙi suka fi rainawa. Mai cin halal ko mai son tsayawa salla ya sanar da masu shirya tafiyar tun da wuri.